Ɗakin gwajin jini a Garwa: aikinsu da kyau, amma a je tun kafin a sa rana

Duk wanda ya tambaye ni inda zai kai 'ya'yansa gwajin sikila kafin aure a nan Garwa, arewacin Kamaru, zan nuna masa ɗakin gwajin nan mai zaman kansa da na kai 'yar wana da yaron da ke nemanta. Zan nuna masa, amma sai na zaunar da shi na gaya masa abin da ba su rubuta a allon ƙofarsu ba. Ba zan kama sunan wurin ba, domin a maganata akwai yabo akwai suka, kuma mutanen ba su ci mini mutunci ba. Ita ma yarinyar sai da na nemi izininta. Ta ce in rubuta, muddin ban ambaci sunanta ko unguwarsu ba.

Ni ba likita ba ne, atamfa da shadda nake sayarwa a babbar kasuwa. Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne ƙanwarmu da ta rasu tun ba ta isa aure ba. Kowace damina da kowane hunturu sai ta kwanta tana kukan ƙasusuwa, idonta ya yi rawaya, cikinta ya kumbura. Wasu suka ce amosanin jini ne, wasu suka ce iska, har da masu cewa maita. Da wana ya rasu riƙon 'yarsa ya dawo hannuna, ni ne waliyyinta. Yaron kuwa ɗan yayata ne. Auren zumunci ke nan, a dangin da cutar ta taɓa ɗaukar mutum. Shi ya sa da aka kawo kuɗin gaisuwa na ce ba za a sa rana ba sai an ga takarda.

Wurin gida ne aka mayar ɗakin gwaji, da rumfar kwano da bencina a waje. A zafin Garwa na watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, zaman rumfar nan ba daɗi, amma ciki akwai sanyi kuma suna da janareta, ko wuta ta ɗauke firjinsu ba ya tsayawa. Akwai tsafta. Layin yana tafiya.

Matsala ta farko tana tagar biyan kuɗi. Yarinyar da ke wurin ta ce, "Gwajin aure ne, Alhaji?" Na ce e. Sai ta jero mini abin da suke haɗawa a farashi ɗaya: rukunin jini, ƙanjamau, ciwon hanta, da gwajin Emmel. Wanda bai sani ba zai biya ya tafi yana murna an duba masa sikila. To Emmel ɗin nan ɗigon jini ake sa wa wani sinadari da ke ƙwace masa iska, a leƙa ta madubin likita a ga ko ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Iyakarsa ya ce akwai S, wato gadon sikila, ko babu. Ba ya raba mai AS, wanda ke ɗauke da gadon kawai, da mai SS, wanda ke da ciwon, kuma sam ba ya ganin C, wani nau'in gadon jini na daban, alhali AS da AC na iya haifar SC, wadda ita ma sikila ce. Wanda ake so shi ne elektroforez, inda ake sa wutar lantarki ta rarraba nau'o'in jinin kowanne ya tsaya a layinsa. A takardarsu da Faransanci aka rubuta, "électrophorèse de l'hémoglobine", a kwafe shi haka a nuna musu. Emmel jaka 1 da rabi na sefa suka ce mini, elektroforez jaka 8 kowane mutum. Suna da shi, suna yin sa da kyau, amma sai ka tambaya. Ban ga dalilin da zai sa mai sayar da abu biyu ya miƙa wa mutum mai arahar da ba zai biya masa buƙata ba, ya yi shiru kan ɗayan.

Shi yaron ma da takardarsa ya zo a aljihu, ta lokacin da ya ba wani abokinsa jini a asibiti. Ya nuna mini yana cewa, "Kawu, ni O ne, an ce jinina ya dace da na kowa." Wannan kuskure ya cika gari. Rukunin jini, wato A da B da O, maganar ƙarin jini ce. AA da AS da SS kuwa maganar gado ce, ba abin da ya haɗa su sai harafin A da ya fito a duka biyun yana rikita mutane.

A ɗakin ɗibar jini kam ba ni da abin suka. Matar da ke wurin, wadda ita kaɗai ke jin Hausa sosai a cikinsu, sauran Fulatanci da Faransanci, a gabanmu ta yage ledar allura. A gabanmu ta rubuta suna a jikin 'yar kwalba mai murfi ruwan makuba, ta juyo da ita ta ce kowa ya karanta nasa. Sannan ta tambayi kowannensu ko an yi masa ƙarin jini a watanni 3 da suka wuce. Na ce me ya kawo wannan? Ta ce jajayen ƙwayoyin jini suna yin kusan kwana 120 a jiki, saboda haka mai SS da aka ƙara wa jinin mai AA zai iya fitowa AS a na'ura. Tambayar nan kaɗai ta sa hankalina ya kwanta da ita.

Amma ba wanda ya nemi katin ɗan ƙasa. Sunan da ka faɗa shi ake rubutawa. Ke nan saurayin da ya san AS ne zai iya turo abokinsa mai AA ya miƙa hannu da sunansa, takarda ta fito da hatimi, ba ƙarya ko ɗaya daga na'ura. Kuma kada a ce ba a yi. Muna fitowa mai kilandon da ya ɗauke ni, wato ɗan acaɓa, da ya ji abin da ya kawo mu, ya ce mini in sakamakon bai yi daɗi ba ya san inda ake gyara takarda. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: masu gyaran ba za su samu kasuwa ba in da iyaye ba sa nema.

Ranar karɓar sakamako na riga yaran isa. Na miƙa rasit, matar nan ta dube ni ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, jinin nata ne, takardar ma tata ce." Na ce, "'Yata, ni ne waliyyinta, ni kuma na biya." Ta ce, "Na sani, Baba. In ta zo ta ce a buɗe a gabanka, a gabanka zan buɗe." Abokaina na kasuwa da na ba su labari sun ce raini ne, wai ɗabi'ar Turawa ce za a raba uba da 'yarsa. Ni dai ina bayanta, domin na ga abin da takardar nan ke yi in ta faɗa hannun da bai dace ba. Akwai yarinya a unguwarmu da gwaggonta ta karɓo mata sakamako, kafin la'asar duk matan layin sun ji wai "tana da sikila". AS ce kawai, lafiyarta ƙalau, in ta auri mai AA ba ɗanta ko ɗaya da zai zama SS. Amma manema suka ɗauke ƙafa. Wannan ba jahilcin talaka kaɗai ba ne. Linus Pauling, masanin Amurka da ya gano a 1949 cewa asalin cutar a sinadarin jan jini yake, shi da kansa ya rubuta a 1968 cewa a riƙa yi wa masu ɗauke da S alama a goshi don su gane juna kada su yi soyayya. A Amurkar ma makarantar horar da hafsoshin sojan sama ba ta ɗaukar masu AS sai a 1981. In masu ilmi sun iya yin haka da harafi biyu, ina ga matan layi.

Da yaran suka zo, yarinyar ta ce, "Baffa ya shigo." Yaron ma ya yarda. Duka biyun AS.

Abin da matar nan ta yi bayan haka shi ne ya fi jaka 16 ɗin da na biya daraja. Ba ta ce ku rabu ba, ba ta ce ba komai ba. Ta jawo aljihun tebur ta ɗebo murafen kwalaben jini guda 4, biyu ja biyu ruwan makuba. Ta ba kowannensu ja ɗaya da makuba ɗaya, ta ce jan shi ne A, makubar ita ce S. Ta ce kowa ya kai hannu baya ya juya su, ya fito da ɗaya ba tare da ya duba ba. Karon farko ja da makuba suka fito. Ta ce wannan ɗa irinku ne, AS. Yaron ya yi murmushi. Ta ce ku mayar, ku sake. Makuba biyu. Ta ce ku mayar, ku sake. Yarinyar ta ce, "Ai an riga an cire mai ciwon." Matar ta ce a'a, shi ya sa nake cewa ku mayar. Kowane ciki sabon zaɓe ne, ɗaya cikin huɗu SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA, kuma cikin bana bai san abin da na bara ya haifa ba. Akwai masu 'ya'ya 6 ba mai ciwo ko ɗaya, akwai masu 3 duka suna kwance. Na sha jin mutane na cewa ɗa na huɗu ne ke zuwa da sikila, har wani ya ce mini zai tsaya a uku. Da a ce kowa ya riƙe murafen nan a hannunsa da wannan magana ta mutu.

Sai dai duk bayanin a bayan labule aka yi shi, labulen da bai kai ƙasa ba, ga mutane a benci taku biyu daga wurin. Yarinyar na share hawaye da bakin mayafi, ina ganin ƙafafun masu jira ta ƙarƙashi. Wurin da ya hana waliyyi takarda saboda sirri bai kamata ya bar baƙo ya ji sakamakon ta labule ba. Kuma wannan bayani ba ya cikin aikin da aka ɗauke ta, halin kirkinta ne. Ranar da ba ta nan ambulan kawai za a miƙa maka.

A gida aka yi ta ta. Yayata, uwar yaron, ta ce tun kaka da kakanni ake auren zumunci ba a auna jini, ciwo da lafiya na Allah ne, kuma ni na jawo fitina da na kai yara wurin masu allura. Na ce, "Yaya, ke kika riƙa goya marigayiya zuwa asibiti." Ba ta amsa ba, kuma ba ta sauko ba. Muka je wurin limamin masallacinmu. Ya kawo hadisin mai raƙumi da aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, ya kawo maganar Sayyidina Umar lokacin da ya fasa shiga Sham saboda annoba, cewa gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya ce gwajin ba ja da ƙaddara ba ne. Amma ya ƙara da cewa shi bai san nassin da ya haramta auren AS da AS ba, in sun ji sun gani sun ce suna so, zai ɗaura. Kowane ɓangare ya fito yana cewa Malam ya goyi bayansa.

Masu zuwa Kano saro kaya sun san cewa a 2024 jihar ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila. Saudiyya ta wajabta nata tun 2004, amma can bayan an yi wa mutane bayani ana barinsu su yanke shawara. Ana ta cewa mu ma a kawo irin dokar. Ni ra'ayina, a wajabta sani, kada a wajabta rabuwa. Ranar da aka ce mai AS biyu ba aure, ranar mai kilandon nan da abokansa za su yi kuɗi, kuma ƙauyukan da ba su da ɗakin gwaji ko na Emmel za a bar su da doka ba na'ura. Abin da ya fi doka amfani shi ne lokaci. Tun ran gini tun ran zane. In yaro ya san harafinsa tun yana makaranta, maganar za ta fito a farkon zance, kafin zuciya ta kamu, kafin a ci goron gaisuwa, kafin iyaye mata su fara tara kwanuka.

Yaron bai haƙura ba. Ya zo mini shago da waya a hannu, wai an samu magani. Gaskiya ne an samu. Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba, sunansa Casgevy. Ana ciro ƙwayoyin ɓargon majinyaci, a gyara su da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR wadda ta sa Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka ci kyautar Nobel a 2020, a mayar masa, jikinsa ya koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, sama da sefa biliyan guda, ga mutum ɗaya. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda kan iya hana shi haihuwa. Mafi yawan jariran da ake haifa da sikila a duniya a Afirka ake haifarsu, har ɗaya daga cikin jinsunan gadon cutar sunan Kamaru masana suka sa masa, amma maganin yana can inda masu ciwon ba su da yawa. Na ce masa ya lissafa mini yadi nawa na shadda zan sayar. Abin da ke kusa da mu shi ne haidroksiyuriya, da folik asid, da fenisilin ga ƙananan yara, da rigakafi, da gidan sauro, da yawan shan ruwa. Suna rage tashin ciwon ƙwarai, masu sikila da yawa yanzu suna girma su yi karatu su yi aure. Amma kuɗi ne na kowane wata har iyakar rai, da kwanan asibiti, kuma uwa ce ke yin mafi yawansa.

Sai ya ce to ai ana iya auna ciki tun yana ƙarami. Ana iyawa. In aka ga SS kuma fa? Dokar Kamaru ta hana zubar da ciki sai in lafiyar uwa na cikin babban haɗari ko fyaɗe aka yi. Malamanmu na Malikiyya suna da tsanani a kai tun farkon ciki, ko da yake majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta ba da dama a 1990 kafin kwana 120 idan likitoci amintattu sun tabbatar da mummunar nakasa da ba ta da magani, kuma ana jayayya ko sikila ta shiga wannan. Farfesa Ambroise Wonkam, ɗan ƙasar nan masanin gado, ya yi bincike a kai, ya samu cewa iyayen da ke jinyar mai sikila sun fi likitoci karkata ga yarda da zubarwa. Wannan bai ba ni mamaki ba, kuma ban zarge su ba. Amma na yi zama da ƙanwata, na san dariyarta da iya kitsonta, ba zan iya cewa gara da ba a haife ta ba. Wannan wuri ne da na kasa ba yaron amsa guda. Na dai gaya masa kada ya gina aure a kan abin da sai ya karya doka ya kuma saɓa wa malaminsa.

Na tambayi matar abin da suke yi da ragowar jinin. Ta ce ana lalata shi. Na yarda da ita, amma ba takardar da ta ce haka, ba kuma abin da aka ba mu mu sa hannu. Mutanenmu suna da dalilin tambaya. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau a Kano, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. A nan gida, a 2005 gwamnati ta dakatar da gwajin maganin ƙanjamau na tenofobir da ake yi wa mata kusan 400 a Duwala bayan ƙorafi kan yadda aka yi musu bayani da kulawar da za su samu. Irin waɗannan ne suke zaune a ran mutane kamar yayata, ko da ba su san shekara da suna ba. Takarda guda da Hausa da Fulatanci, mai cewa ga abin da za mu auna, ga wanda zai gani, ga yadda za mu yi da saura, ba za ta ci musu komai ba.

Abu na ƙarshe da bai yi mini ba shi ne takardar da suka manna kusa da taga, ta gwajin tabbatar da uba, wai ana aika samfur waje. Haƙƙinsu ne su yi kasuwanci, amma a bangon da ma'aurata ke jiran sakamakon sikila wannan talla tsokana ce. Yakan faru a haifi yaro a ce SS ne, takardar uba kuma ta ce AA, nan take zargi ya hau kan uwa. Alhali yana iya zama tsohuwar takardar uban ce kuskure ko ta bogi, yana iya zama kuma uban yana ɗauke da wani gado da ake kira beta talasemiya, wanda a gwajin yau da kullum kan fito kamar AA, in ya haɗu da S na uwa ɗan ya fito kamar SS. Shari'a ta ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Kafin a nuna wa mutum tallan da zai rusa gidansa, a fara sake auna shi.

Mun sake gwajin yaran a wani wuri don kore shakka, ya fito daidai da nasu. Wanda ke son yin haka, akwai reshen Cibiyar Pasteur a nan Garwa. Maganar auren an ɗage ta zuwa bayan babbar salla, na ce wa yarinyar duk abin da ta zaɓa ni zan tsaya mata a gaban yayata.

Wanda zai je ya je da sassafe kafin rumfar ta ɗau zafi, ba sai da azumi ba, ya nemi elektroforez da sunansa, iyayen kowane ɓangare su tura wanda zai ga an ɗebi jinin da idonsa, ya kuma nemi matar da ke jin Hausa ta yi bayani. Na samu mai wurin na yi masa maganar katin ɗan ƙasa da ƙofa a madadin labule. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ce ƙofar za a yi, katin kuwa yana tsoron kada masu zuwa su ragu.